Makafin Kiyashi a Rijiyar Nahuce

Mun tashi da asuba daga Tudun Wadar Gusau, ana sallame salla, ni da wani malamin gona na En'e. Shi yana riƙe da akwatin kwalabe da laima. Ni ina ɗauke da dagi da shebur da rariya biyu. Abin da ya fitar da mu daga gida kiyashi ne. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa.

Sana'ata haƙar rijiya. Ita na gada, ita kaɗai na iya. Shekara uku ke nan da wata rijiya ta rufta da ni da ƙanena. Ni an tono ni da la'asar. Shi sai washegari. Tun daga ranar ban sake shiga ramin da ya wuce ƙuguna ba, ko leƙawa na yi sai ƙafafuna su mutu. Na koma dako a tashar jirgi, buhun gyaɗa a ka tun safe har yamma, ga baya ya fara ƙi. Baki bakwai ke ci a gidana. Dako ba zai ƙara kai ni shekara biyu ba. Na sani, mai ɗakina ta sani, ba wanda ya ce wa wani komai. In ban koma rijiya ba, ban san abin da za su ci ba.

A tashar malamin ya same ni. Ya zo yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin wasu kiyashi rawaya, ƙanana ƙwarai, waɗanda ba sa fitowa sarari, sai can cikin ƙasa. 'Yan dako suka bushe da dariya. Na ce ni na gani, sau biyu ko uku, a bangon rijiya. Ya ce in raka shi in yi masa haƙa. Na ce da sharaɗi: ba na wuce ƙugu. Ya ce ko gwiwa ma ta isa, haka takardarsa ta ce.

Motar da muka samu ta kaya ce, mai jikin katako, za ta Funtuwa. Sule biyu kowa zuwa Tsafe. Malam ya shiga gaba kusa da direba saboda kwalabensa. Ni na hau baya kan buhunan gishiri, tsakanin wata tsohuwa mai kaji da wani Bafulatani da ya rungume sandarsa kamar za a ƙwace. Bazara ce. Kafin hantsi ƙarfen motar ya fi ƙarfin hannu. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, in mota ta ɗauki gudu sai haƙoranka su yi ta gaisawa da juna. Gonaki duk an share su, an tara kara an ƙone, kowa ya zuba wa gabas ido.

A Kwatarkwashi injin ya tafasa, muka sauka direba ya ba shi ruwa. Na sha wucewa ta nan, ban taɓa wucewa ban ɗaga kai ba. Dutse ne baƙi, santsi, kamar an kife ƙatuwar tukunya, gari ya laɓe a gindinsa, manyan tsuntsaye suna shawagi a kansa ba sa ko kaɗa fiffike. Ni mutumin ƙarƙashin ƙasa ne, amma abin da Allah ya ɗaga na san girmansa. Na sayi hoce na kwabo a wurin wata mata, na haɗa da ƙuli-ƙuli. Hocen ya yi tauri yadda nake so. Malam ya gutsura sau ɗaya, ya taɓa haƙorinsa, ya miƙo mini sauran.

Mun isa Tsafe kafin azahar. Gari ne a jingine da duwatsu, mutanensa ba su da gaggawa. Fura a nan ta fi ta Gusau kauri, nonon kuma ba a yi masa wanka da ruwa ba. Ta taro, kwabo uku, ta ishe mu mu biyu har na lashe ludayi. Wani maƙeri ya ba mu zaurensa muka ajiye kaya, ya dubi bakin dagina ya ce wanda ya ƙera shi ya san aiki. Na ce ubana ne ya sa aka ƙera. Shi ke nan hirarmu, kuma ta ishe mu.

Kwana biyu muna haƙa a gindin duwatsu. Malam ya auna kamu ɗaya kowane gefe, ya zana a ƙasa, ni in sara. Ƙasar ta bushe kamar ƙarfe, in dagi ya sauka sai ya yi ƙara ya dawo. Abin da na fasa sai mu zuba a rariya mu tankaɗe a kan farin ƙyalle, shi kuma ya durƙusa da wani gilashi mai ƙara girman abu yana duba. Rami goma sha huɗu na yi. Mutane suka kewaye mu. Wani tsoho da ya ga zamanin masu haƙar zinari ya daɗe yana kallo, sannan ya matso.

“Malam, in zinari kuka biɗa, kun yi kuskuren wuri. Ba nan anka same shi ba.”

“Kiyashi muke nema, Baba,” in ji Malam.

Tsohon ya dube shi, ya dube ni, ya dubi takalman Malam.

“Kiyashi? Tahi gidana. Suna nan cikin tulun zumata, in ba ka su kyauta, har da tukwici.”

Mun samu komai ban da abin da muke nema. Tururuwa, cinnaka, gwano, gara, kiyashin gida. Da rana ta take, sai mu koma ƙarƙashin wata tsamiya, Malam ya jera su a kan ƙyalle ya miƙo mini gilashin. Ban yi makaranta ba, amma ido ba ya buƙatar allo. Na ga abin da shekara arba'in ina takawa ban gani ba. Kowace tana da ƙafa shida, da 'yan ƙahonni biyu masu gwiwa, da ƙugu siriri kamar an ɗaure da zare. Ya ce masana sun raba su gida-gida, kamar yadda ake cewa waɗannan maƙera ne, waɗancan masaƙa, kuma a ƙugu ake fara dubawa. Akwai masu ƙulli ɗaya a ƙugun, akwai masu biyu. Tururuwa biyu gare ta. Gwano ɗaya, sai harbi, sai warin nan da shi kaɗai ne ba ya ji.

Na ce gara fa? Ya ce gara ba 'yar gidan ba ce ko kaɗan, danginta kyankyaso. Ban so maganar ba, don tun ina yaro na san gara da tururuwa maƙwabta ne. Na duba. Ba ta da ƙugu, jikinta a miƙe yake kamar tabarya. Na mayar masa da gilashinsa. Ya ce dangin tururuwa na jini su ne rina da zuma. Wannan ban yi gardama ba, na sha harbin su duka, iri ɗaya ne. Ya ce kuma duk wadda ka gani da kaya a baki tana kai gida mace ce, mazan ba sa aiki. Na ce kada ya faɗi wannan a tashar jirgi.

A nan ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwa mai warin asibiti. A ciki akwai wani abu kamar ƙurar da ke shiga ido. A gilashi na ga yana da fiffike, da idanu, da ƙulli ɗaya a ƙugu. Ya ce namiji ne, damina biyu da suka wuce ya faɗo masa kusa da fitila. Baturen da ke ofishinsu ya duba ya ce yana zaton na gidan kiyashin nan ne na cikin ƙasa. Amma zato ne. Su ma'aikatan, inda aka taɓa samun su a wasu ƙasashe, ba ido, ba fiffike, ƙulli biyu. Ba abin da ya haɗa su da namijin a kama. Saboda haka masana sukan rubuta namiji a gida dabam, matan a gida dabam, kowa da sunansa, alhali wataƙila uwa ɗaya ta haife su. Ba mai rabawa sai wanda ya tarar da gidan gaba ɗaya. Yadda yake maganar, ka ce ɗan'uwansa ne ya ɓata yana cigiya. Daga ranar na daina yi masa dariya a zuci.

Na tambaye shi wa ya ce a haƙa kamu ɗaya. Ya ce takarda. Na ce wanda ya rubuta takardar, a garinsu ana ruwa kullum? Ya ce haka ya ji. Na ce to, a nan duk mai laushin jiki yana bin danshi ne, in ƙasa ta bushe ya yi ƙasa. Da damina ya kamata ya zo. Ya ce ofis ba ya ba da izinin yawo da damina, sai rani, saboda hanya. Na ce ashe an aiko ka kamun kifi a tudu.

Na san inda suke tun daga lokacin. Na san ya wuce ƙugu. Ban faɗa ba. Na ce dai mu gwada Bungudu, akwai gulbi.

Hanyar Bungudu sai an koma ta Gusau. Motar da ta kwaso mu ta auduga ce, zama mai taushi, sai dai ka sauka kamar tsoho, fari fat. Ta tsaya dab da tashar jirgi, abokan dakona suka hango ni da rariya a kafaɗa.

“Sarkin kiyashi! Ina ganima?”

“Ka kamo muna na miya?”

Na ce su ɗauki buhunsu, jirgi ba ya jira. Gidana yana nan kusa, ban shiga ba. Ba na son shiga gida hannu biyu.

Daga Gusau zuwa Bungudu ba nisa, nai muka biya, kwabo tara. Garin ya burge ni. Ko da bazara akwai kore a bakin gulbi. Ruwan ya janye ya bar yashi fari, mata sun tona 'yan ramuka a ciki suna kwarfa da ƙoƙo, shanu sun jeru suna jiran rabonsu. A fadama ga albasa, ga rake, ga taba, ga masu jigo suna ban ruwa tun da sassafe, ƙirji a buɗe, ba mai kallon wani. Mutum ɗaya na tsaya kallo, dattijo ne, yana sauke guga yana ɗagawa kamar numfashi, bai ɓarar da ko kaɗan ba. Rake a nan sanda biyu kwabo. Mun ci tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi a wurin wata mai tuwo da ke zuba man shanu ba ta kallon cokali. Allah ya ƙara mata.

Mun yi wuni guda a fadama. Can kuma danshin ya yi yawa, laka ce mai kama dagi, ba ta bin rariya. Tana muka yi ta fitarwa. Malam ya zauna a kan gidan cinnaka bai sani ba. Na ga ilmi yana tsalle da wando a hannu. Da ya huce, sai da ya kama ɗaya ya duba ƙugunta.

Da yamma ya ce gobe izininsa zai ƙare. Ya rufe akwatinsa a hankali. Wani mai rake da ke jin mu ya ce in ƙasa mai sanyi muke so ba laka ba, akwai wata rijiya a wata unguwa ta wajen Nahuce, an fara an bari. Malam ya dube ni. Na dubi gulbi.

Da ƙafa muka tafi washegari, muka isa da hantsi. Ƙauyen noma ne, rumbuna sun fi ɗakuna kyau, alamar mutanen kirki. A hanya mun yi ta karo da mata da tuluna, suna dawowa daga nesa, wuyansu ya jiƙe da gumi. Wani dattijo ya sauke mu, ya sa aka kawo ruwa. Da na ga yadda aka auna shi a ƙoƙon, na sha rabi na mayar.

Rijiyar tana gindin wata tsohuwar ɗorawa, an rufe bakinta da ƙaya. Mu masu haƙa muna da ƙa'ida: ba ka shiga rijiyar da wani ya fara ya bari sai ka ji abin da ya kore shi. Ba shiga zan yi ba, amma baki ya saba. Na tambayi dattijon. Ya ce mai haƙar tafiya ce ta kama shi. Na ce wace irin tafiya ce ke sa mutum ya bar gugansa a rataye? Ya yi ta gyaran rawani. Wata tsohuwa da ke tsinkar zogale a bakin darni ta ce:

“Hwaɗa mishi gaskiya mana. Yashi ya zubo ma wancan har ƙirji, ta gabas. Da anka jawo shi ko sallama bai yi muna ba.”

Na ce wa malamin gona ya ji. Na ce mu tafi.

 Ya cire takalmansa ya jera su. Ya naɗe wando. Ya roƙi igiya aka kawo masa, ya ce maza huɗu su riƙe, shi zai shiga. Na zauna a kan saiwar ɗorawa na juya baya. Ba ruwana, na faɗi sharaɗina tun a Gusau.

Sai na waiwaya. Ya zarga igiyar a cikinsa kamar mai ɗaure akuya a turke. Zarge ne mai gudu. Duk wanda ya taɓa rataya a rami ya san abin da zai biyo baya: nauyinsa zai hau kan igiyar, zargen ya matse ciki, kafin ya kai gaba uku numfashi ya tsaya, su kuwa na sama suna ta sakin igiya suna cewa lafiya lau, ai bai yi magana ba. Mazan huɗu manoma ne, ba su ga komai ba. Shi yana ta murmushi, gilashinsa a aljihu.

“Kwance,” na ce.

“Ai ta ɗauru sosai.”

“Shi ya sa. Kwance, Malam, kafin ka bar mini takalma gado.”

Na karɓi igiyar. Na nemi guntun itace mai ƙwari na ɗaure shi a tsakiya, wurin zama, na yi wani ƙullin da ba ya gudu a ƙirji. Na sa aka gitta gungume a bakin ramin. Na kunna fitilar a-ci-bal-bal na zura ta a ƙwarya har ƙasa, wutar ba ta mutu ba, iskar ciki mai kyau ce. Duk wannan hannuna ne ke yi, ni ban ce masa ya yi ba. Na yi niyyar in ɗaura wa Malam. Da na gama sai na ga ni ne a zaune a kan itacen. Ya miƙo mini tocila da wuƙa da ƙwarya. Na yi bisimilla.

Gwiwa. Ƙugu. Ƙirji. Da bakin ramin ya wuce kaina, ƙafafuna suka mutu kamar yadda suka saba. Warin ƙasar nan ya shiga hancina, shi ne warin da na shaƙa tun hantsi har la'asar a waccan ranar. Na ji ƙanena yana tari a ƙarƙashina. Na san ba shi ba ne. Na ji dai. Na buɗe baki in ce a ja, murya ta ƙi. Su kuwa suna ta saki.

Na rufe ido na dafa bango. Tafin hannuna ya fara karatu. Jar ƙasa, busasshiya. Marmara. Tsakuwa. Wajen gaba biyu da rabi bangon ya yi sanyi. Na ce su tsaya, muryar ta fito. Akwai wata saiwar ɗorawa da ta ruɓe a jikin bangon yamma. Na sa wuƙa na ɓamɓare bayanta a hankali, na haska.

Suna nan.

Da farko na ɗauka zare ne rawaya ya maƙale a laka. Sai zaren ya motsa. Kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba, siririya, launin man shanu, har kana ganin haske ta cikinta. Wani ɗan ɗaki gare su da bai fi a sa babban yatsa ba, sun shafe shi sumul kamar ɗakin amarya. A tsakiya sun kwantar da wani siririn shanshani na cikin ƙasa, wanda in an auna ya yi su hamsin a tsawo. Yana da rai, amma ba ya motsi, sun harbe shi. 'Ya'yansu farare sun jeru a jikinsa suna ci, kamar 'yan maruƙa a kwami. A gefe ga uwar, doguwa, ciki ya kumbura, ba fiffike, ita ma ba ido. Makafi duka, sun kayar da abin da ni mai ido nake tsallakewa.

Hasken bai dame su ba, ba su san shi ba. Iskar da ta shiga ce ta gaya musu bango ya faɗi. Na jira in ga sun watse kamar yadda tururuwa ke yi in ka taka gidanta. Ba su watse ba. Kowace ta taɓa ta kusa da ita da ƙaho, ta sunkuya ta ɗauki ɗa guda a ƙarƙashin cikinta, suka shiga layi suka nufi wata tsaga, uwar a tsakiya. Ba gudu, ba turereniya. Gidansu ya rushe yanzun nan, sun kama hanyar sake wani, kuma ba sama suka nufa ba. Duk ƙasar da ke kaina tana kansu. A cikinta aka haife su, ba su taɓa ganin rana ba, ba su kuma fasa fita farauta ba.

Ban san daɗewar da na yi ina kallo ba. Tsoro bai tafi ba. Ya dai matsa ya ba ni wuri.

Na sa wuƙa na yanko ƙasar dunƙule guda, da ɗakin da tsagar da duk abin da ke ciki, na sa a ƙwarya na ce a ja ta da ƙaramar igiya. Na ji Malam yana salati a sama. Suka ce za su jawo ni. Na ce a'a, ku saki.

Na sauka har ƙasa, gaba shida. Na juya gabas na duba yashin da ya kori wancan. Kaurinsa kamu ɗaya ne kawai, sama da shi marmara, ƙasa da shi laka mai ƙarfi. Abin da ake ɗaurewa da dutse ne cikin kwana biyu. Wanda ya gudu bai yi laifi ba, bai dai tsaya ya duba ba, ni kuwa ba ni da bakin zarginsa. Ina tsaye wani yashi ya zubo mini a ka da kafaɗa. Na tsaya har ya gama. Na ce a zuro dagi. Na kafa shi a tsakiya sau uku, na zaro, na shinshina bakinsa, na ɗanɗana. Ruwa bai wuce gaba biyu ba.

Da na fito na tarar Malam a kwance rub da ciki a gaban ƙwarya, mutanen unguwa sun kewaye shi suna karɓar gilashi bi da bi. Tsohuwar nan ta duba ta ce, “Ikon Allah, har da goyo!” Ya ƙirga ƙugun ma'aikatan, ƙulli biyu. Ya duba na uwar ya daɗe. Ɗaya ne, irin na namijin da ke kwalbarsa.  Na ce ke nan an gama, ɗanta ne. Ya ce a'a, alama ce, ba shaida ba, sai ranar da aka ga mai fiffike ya fito daga wannan gidan. Na ga mutumin da ya sami abin da yake so ya ƙi ƙara masa gishiri. Ba su da yawa.

Ya ɗauki uku ya sa a kwalba. Ya kai hannu wajen uwar, na ce in ka kashe ta wa zai haifa maka namijin? Ya janye hannu. Muka rufe ƙwaryar da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ce zai ajiye su a inuwa har damina, ya riƙa nemo musu shanshani. Ko za su rayu, Allah ya sani.

Dattijon ya raka mu har bakin gari. Bai yi maganar ba sai da za mu rabu.

“Kai ɗan gadon haƙa ne, na gani. Ka ƙarasa muna ita?”

Na ce bayan Juma'a. Na ce su tara dutse.

A motar dawowa Malam ya ƙi shiga gaba, wai injin zai dafa masa baƙi. Ya hau baya ya ɗora ƙwarya a cinya, ya buɗe laima a kanta, rana tana cin ƙeyarsa. Fasinjoji suka ɗauka magani ne, kowa ya matsa, muka sami wurin miƙe ƙafa har Gusau.

Na shiga gida da la'asar. Mai ɗakina tana tankaɗe. Ta dubi ƙafata, ta dubi rigata, ta tsayar da ido a kaina, inda laka da yashi suka bushe a gashi. Ta ajiye rariya.

“Ka shiga?”

“Na shiga.”

“Har ina?”

“Har ƙasa.”

Ta tashi ta ɗora ruwan wanka. Ta daɗe a bakin murhu tana share ido, ta ce hayaƙi ne.

Kwana biyar muka yi. Na ga dutse, na ga gulbi, na sha fura mai kyau. Na koyi cewa gara ba 'yar'uwar tururuwa ba ce, har yanzu abin bai zauna mini ba. Na koyi cewa takarda tana da ilmi amma ba ta san bazararmu ba, kuma mai ilmin gaske shi ne wanda zai ce bai tabbata ba tukuna. Babban abin kuwa a wurin waɗanda ba su da ido na gan shi. Ƙasa tana faɗo wa kowa. Su in ta faɗo sai su ɗauki 'ya'yansu su ƙara shiga ciki, don a nan abincinsu yake. Ni ma a nan nawa yake.

Ranar Asabar zan koma Nahuce. Ina neman mutum huɗu masu riƙon igiya, waɗanda ba su da yawan surutu.